Takardar Shari'arka Haƙƙinka Ce: Yadda Ake Neman Kwafi a Kotu

Wannan jawabi ne da aka yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Dauran da kewaye, cikin Ƙaramar Hukumar Zurmi. Mun buga shi domin amfanin masu karatunmu na ƙasashen Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda.



Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa.

An ce in yi muku bayani a kan takardun kotu. Wa ke da ikon ganinsu? Ta yaya talaka zai sami kwafinsu? Me zai yi da su idan ya samu? Ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku, domin idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

ME YA SA TAKARDA?

Yawancinmu idan alƙali ya yanke hukunci, sai mu kaɗe riga mu kama hanyar gida. Wanda ya yi nasara yana murna. Wanda aka kayar yana gunaguni. Ba mai waiwayawa ya ce a ba shi hukuncin a rubuce.

To, ku duba wannan misali. A ce mutum biyu sun yi shari'ar iyakar gona. Alƙali ya saurari shaidu, ya je ya ga gonar, ya tabbatar wa ɗaya. Shekara 15 ta wuce. An canja wa alƙalin wurin aiki. Shaidun nan dattawa ne, Allah ya yi musu rasuwa. Shi ma mai gonar ya rasu, ya bar marayu. Ran nan sai 'ya'yan ɗaya ɓangaren suka tashi suka ce gonar ubansu ce. Marayun nan me za su nuna? Cewa "mun ji Baba ya ce an yi shari'a" ba hujja ba ce. Amma idan akwai kwafin hukunci mai hatimin kotu, magana ta ƙare. Gani ya kori ji.

Wannan magana ta ƙara nauyi a yankinmu. Kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa ƙauyukanmu. Mutane da yawa sun bar gidajensu da gonakinsu, sun koma Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙaura, ko Gusau. An ƙone gidaje, takardu sun salwanta. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya, kowa zai koma ya nemi gonarsa. A ranar nan za a ga amfanin rubutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rubuta haƙƙi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamai suna nan zaune, sun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

ABIN DA KOTU KE AJIYEWA

Kowace kotu tana da ofishin rajista. Shugaban ofishin shi ne magatakardan kotu, wanda muka fi sani da rijistara. Shi ke riƙe da littattafai da fayil-fayil. Ga manyan takardun da ke wurinsa:

1. Littafin ƙararraki. A ciki ake rubuta sunan mai ƙara, da wanda ake ƙara, da ranar da aka shigar da ƙarar, da lambarta.

2. Littafin zaman shari'a. A ciki ake rubuta abin da kowa ya faɗa a gaban alƙali, da bayanin shaidu, da ranakun da aka zauna.

3. Hukunci. Shi ne abin da alƙali ya yanke, tare da dalilansa.

4. Sauran takardu, kamar sammaci, da takardar beli, da takardar rabon gado, da ta raba aure, da rasit na biyan tara.

Kotunan shari'ar Musulunci galibi da Hausa suke rubutu. Kotun majistare da Babbar Kotun Jiha da Turanci suke yi. Saboda haka ku da kuka iya karatun boko na Hausa, yanzu kuna iya karanta hukuncin kotun shari'a da idonku. Na Turanci kuma sai ku nemi amintacce ya fassara muku, layi bayan layi.

ABIN DA DOKA TA CE

Wani zai ce, ai takardun gwamnati ne, ina ruwan talaka da su? To, ga abin da dokar ƙasa ta tanada.

Na farko, Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36. Wannan sashe ya ce a fili ake yin shari'a. Kowa yana iya shiga kotu ya zauna ya saurara, muddin zai kiyaye ladabi. Alƙali yana iya hana shiga a wasu shari'u kaɗan, kamar waɗanda suka shafi yaran da ba su kai shekara 18 ba. Sashen ya ƙara da cewa, duk wanda aka yi wa shari'ar laifi, tilas kotu ta rubuta yadda zaman ya gudana. Kuma shi, ko wanda ya wakilta, yana da ikon karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7 da gama shari'ar. Ku lura da kalmar wakili. Idan ɗanka yana tsare a gidan yari na Gusau, yana iya wakilta ka ka karɓo masa.

Na biyu, Dokar Shaida ta 2011. Ta sa takardun kotu cikin takardun hukuma. Ta ce ma'aikacin da ke riƙe da irin wannan takarda ya ba da kwafinta ga wanda ke da ikon dubawa, idan ya nema kuma ya biya kuɗin da doka ta yanka.

Na uku, Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Ta ba kowa ikon neman bayani daga ofishin gwamnati, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ofishin yana da kwana 7 ya ba da amsa. Idan ya ƙi, sai ya rubuta dalili. Dokar ba ta manta da wanda bai iya rubutu ba. Yana iya sa wani ya rubuta masa. Idan ma da baki ya nema, ma'aikaci zai rubuta buƙatar, ya ba shi kwafi. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu.

Ashe ke nan mai neman kwafi ba alfarma yake roƙo ba. Haƙƙinsa yake nema. Sai dai a nema da ladabi, a bi ƙa'ida.

KWAFI IRI BIYU NE

Akwai kwafin da aka ɗauka da injin hoton takarda a bakin kasuwa. Wannan yana da amfani don tunawa, amma kotu ba ta cika karɓarsa hujja ba.

Akwai kuma tabbataccen kwafi. Ma'aikatan kotu da lauyoyi suna ce masa si-ti-si. Ku riƙe wannan suna, domin shi za ku ambata a ofishin rajista. Kafin ka bar ofishin, duba abubuwa 5 a jikinsa:

1. Rubutun da ya ce wannan kwafi daidai yake da na asali.
2. Sunan ma'aikacin da ya tabbatar.
3. Muƙaminsa.
4. Sa hannunsa da kwanan wata.
5. Hatimin kotu.

Idan ɗaya ya ɓace, koma ka ce a cika maka. Lauyan abokin shari'arka yana iya sa a yi watsi da takardar saboda wannan ɗan giɓi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

YADDA ZA KA NEMA

Mataki na ɗaya: ka san kotun da ta yi shari'ar. Takarda tana zaune a inda aka yi zaman. Wanda aka yi wa shari'a a Shinkafi, ba zai sami fayil ɗinsa a Zurmi ba.

Mataki na biyu: ka nemo lambar ƙara. Tana rubuce a saman sammacin da aka kawo maka, ko a rasit ɗin da aka ba ka ranar da ka shigar da ƙara. Lambar nan ita ce linzamin fayil. Idan ta ɓace, ka tafi da cikakken sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara, da shekarar da aka yi shari'ar.

Mataki na uku: ka rubuta takardar nema. Ba ta da wuya. Ga yadda take:

Zuwa ga Magatakarda,
Kotun Shari'a ta ..........
Ranka ya daɗe,
Ni ne .......... daga garin .......... Ina neman tabbataccen kwafin hukunci na ƙara mai lamba .......... tsakanin .......... da .......... wadda aka yanke ranar .......... Ni ne mai ƙara a cikinta. Na gode.
Sa hannu da kwanan wata.

Ka rubuta guda biyu. Ka miƙa ɗaya, ka roƙi a buga maka hatimin karɓa a ɗayar, ka riƙe ta. Malamai, don Allah ku sa wannan wasiƙa cikin darasin rubutu na wannan wata.

Mataki na huɗu: ka biya kuɗi a ofis, ka karɓi rasit. Kuɗin yakan danganta da yawan shafuka. Ka tambayi adadin daga bakin rijistara. Ka yi hattara da masu tare mutane a gindin bishiyar kotu, suna cewa "kawo in shigar maka". Kuɗin da ba rasit, ba aljihun gwamnati ya shiga ba.

Mataki na biyar: ka tambayi ranar da za ka dawo, ka rubuta ta. Da an ba ka kwafin, zauna nan take ka karanta. Duba sunanka. Duba iyakokin gonar, gabas da yamma, kudu da arewa. Duba adadin kuɗi ko kason gado. Idan ka ga kuskure, nuna shi tun kana wurin.

Iyayena mata, wannan magana taku ce ƙwarai. Matar da kotu ta raba aurenta, ta karɓi takardarta, don kada wata rana a ce da aure a kanta. Wadda aka yanka wa kuɗin ciyar da yara, ta riƙe hukuncin. Wadda aka ba tumunin takaba ko kason gadon mahaifinta, ta riƙe takardar rabon. Idan fita tana yi miki wuya, ki wakilta ɗan'uwanki ko ɗanki.

TSOFAFFIN SHARI'U

Wani zai ce shari'ar kakansa ta daɗe, tun kafin a yi Jihar Zamfara. Gaskiya ne sunayen kotuna sun sauya. Da can akwai kotunan alƙalai na En'e. A 1968 suka koma hannun gwamnatin jiha, aka kira su kotunan yanki. Ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato. A watan Janairu na 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, kotunan shari'ar Musulunci suka fara aiki a madadin kotunan yanki. Saboda haka idan shari'ar ta tsufa, ka ambaci tsohon sunan kotun da shekarar, ka fara tambaya a kotun da ta gaje ta. Takardun Lardin Sakkwato na zamanin Turawa kuwa, da yawansu suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

MAI ƊAUKAKA ƘARA

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da ikon ɗaukaka ƙara. Amma akwai wa'adi. A ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, kuma alƙali yakan faɗa bayan ya gama hukunci. Kada ka zauna jiran kwafi har wa'adi ya wuce. Ka shigar da takardar ɗaukaka ƙara, ka nemi kwafi a lokaci guda.

Maganar aure da gado da wasiyya da riƙon yara tana hawa daga ƙaramar kotun shari'a zuwa babba, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau. Hukuncin majistare kuma Babbar Kotun Jiha ake kai shi. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Sakkwato, sai Kotun Ƙoli a Abuja.

Alƙalan sama ba su halarci zaman farko ba. Abin da aka rubuta shi suke karantawa. Ga misali daga maƙwabtanmu. A watan Oktoba na 2001, Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa. Aka ɗaukaka ƙara. Alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato suka bi takardun zaman farko dalla-dalla. A watan Maris na 2002 suka soke hukuncin, suka sallame ta. Cikin dalilansu akwai cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki a jihar. Kun ga lissafin kwanan wata ya shiga tsakanin mutum da mutuwa. Kada wanda ya raina rubutu.

WANDA AKA TUHUMA DA LAIFI

Idan an kai ka kotu bisa zargin sata ko faɗa, aka sake ka, kada murna ta sa ka manta da takarda. Ka karɓi hukuncin, ka duba kalmar da alƙali ya rubuta. Idan an rubuta an sallame ka kuma an wanke ka, to shari'ar ta mutu. Tsarin Mulki ya hana a sake yi wa mutum shari'a a kan laifin da aka riga aka hukunta shi ko aka wanke shi. Amma shi ne zai nuna cewa an yi. Da me zai nuna, in ba takarda ba? Idan kuwa korar ƙarar aka yi don mai gabatar da ƙara bai zo ba, ana iya dawo da ita wata rana. Sanin wannan bambanci yana da amfani.

Haka wanda ya biya tara ko diyya, ya riƙe rasit. Wanda ya tsaya wa wani beli, ya tabbatar an rubuta cewa shari'ar ta ƙare, nauyi ya sauka daga kansa.

TAKARDUN 'YAN SANDA

Na 'yan sanda daban suke da na kotu. Fayil ɗin binciken da ba a gama ba, ba a buɗe wa kowa shi. Dokar samun bayanai ma ta yarda a rufe shi, don kada mai laifi ya gudu, ko a cutar da shaida. A irin zamanin da muke ciki, kowa ya san hikimar wannan.

Amma akwai takardu biyu da talaka ke iya samu. Ta farko, takardar rahoto. Idan an sace maka babur ko shanu, ko takardunka sun ƙone, ka kai rahoto caji ofis. Za a rubuta a littafinsu, kuma kana iya neman a cire maka abin da aka rubuta. Da ita da takardar rantsuwa daga kotu ake neman sabbin takardu a madadin waɗanda suka ɓace.

Ta biyu, takardar shaidar hali. Ita ke nuna ko kotu ta taɓa kama mutum da laifi. Masu neman aiki ko karatu a ƙasashen waje su suka fi buƙatarta. Rundunar 'yan sanda ke bayar da ita, daga babban ofishin rajistar masu laifi da ke Alagbon a Legas. Ana nema ta intanet, sannan a ɗauki zanen yatsun mai nema. Tunda da yatsun mutum ake bincikawa, mai ita ne ke neman abarsa. Ba ka iya zuwa ka ciro ta maƙwabcinka.

SHARI'AR DA BA TAKA BA

Wani lokaci mutum yana da buƙatar sanin shari'ar da ba ya ciki. Misali, za ka sayi gona ko fili, ka ji ƙishin-ƙishin cewa ana rigima a kansa. Bayan ka tambayi mai unguwa da maƙwabtan gonar, ka je ofishin rajista. Kotuna sukan liƙa jerin ƙararrakin da za a saurara a allon sanarwa. Karanta shi kyauta ne. Idan kana son kwafin hukunci, ka rubuta takarda, ka bayyana abin da ya haɗa ka da maganar. Wanda ya sayi gonar da ake shari'a a kanta, ya sayi rigima da kuɗinsa. Matambayi ba ya ɓata.

Sai dai akwai iyaka. Ana kare sirrin ƙananan yara. Ana kare abin da zai jefa shaida cikin haɗari. Kuma ina jan kunnenmu da babbar murya. Kama mutum ba shi ne tabbatar da laifinsa ba. Tsarin Mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne, har sai kotu ta tabbatar. Ganin sunan mutum a allon kotu bai ba ka ikon kiransa ɓarawo a kasuwa ba. Ɓata suna laifi ne da ake hukuntawa. Magana zarar bunu ce. Mu nemi takarda don kare haƙƙi, kada mu neme ta don tona asirin ɗan'uwa.

IDAN AN HANA KA

Yawancin ma'aikata za su taimake ka idan ka bi ƙa'ida. Idan an yi ta ce maka "je ka dawo", kada ka yi faɗa. Ka nemi ganin alƙalin kotun, ka nuna masa takardarka mai hatimin karɓa da rasit. Idan abin ya faskara, ka rubuta wa Babban Magatakarda a Gusau: na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a idan kotun shari'a ce, na Babbar Kotun Jiha idan ta majistare ce. Akwai Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. Akwai kuma Hukumar Ba da Tallafin Lauya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi. Duka biyu suna aiki a jihohi, kuma don talaka aka yi su.

AJIYA

Samun takarda rabin aiki ne. Sauran rabin ajiya. Gara da ɓera da yayyafin damina ba su san hatimin kotu ba. Ka sa ta cikin leda, ka sa a gwangwani mai murfi ko akwatin ƙarfe. Ka yi hotonta guda biyu, ka kai ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. Ka sa yaro ya ɗauke ta a waya. Ka rubuta lambar ƙarar a bangon littafinka na aji. Ko takarda ta ƙone, da lambar nan za a ciro maka wata. Sannan ka nuna wa matarka da babban ɗanka inda take.

Jama'a, da can sai dai a karanta mana, mu dangwala yatsa, mu tafi da abin da aka gaya mana. Yau kun iya haɗa baƙi da wasali. Ina roƙon kowa, idan ya koma gida, ya tuna ko akwai shari'ar gona, ko gado, ko aure, ko bashi da aka taɓa yi a gidansu. Idan akwai, ya tambayi kansa: ina takardarta? Idan babu, ya shirya zuwa ofishin rajista kafin aikin gona ya kankama.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Zurmi da Zamfara baki ɗaya. Allah ya mayar da kowa gidansa da gonarsa. Allah ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci.